Minti Shida a Baranda: Abin da Tafiyar Dattijo Ke Gaya wa Likita

A kowace unguwa akwai dattijon da aka sani da sahun gaba. Shekara da shekaru, kafin ladan ya rufe baki ya iso ya shimfiɗa buzunsa a bayan liman. Sannu a hankali sai a fara ganinsa a sahu na biyu, daga baya a tayar da iƙama yana hanya, can wata rana ka hango shi ya dafa katangar maƙwabci yana mayar da numfashi. Tsakanin gidansa da masallaci ba a ƙara ko taku ɗaya ba. Ka durƙusa ka ce, "Baba, yaya ƙarfin jiki?" ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Da haka aka raine shi, kuma abin da zai gaya wa likita ke nan ranar da aka samu aka lallaɓa shi zuwa asibiti.

Shi ya sa nake ganin darajar wani gwaji da ba ya jiran dattijo ya yi ƙorafi, ba ya cin kuɗi, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Baranda ake nema mai tsawon mita 30, da agogo, da kujera. A ce wa mutum ya yi tafiya ta minti shida, a ƙirga nisan da ya ci.

Na fara ganinsa da idona ne ranar da na raka gwaggona asibiti, bayan ta tashi daga jinyar sanyin haƙarƙari. Aka tura mu sashen gashin ƙashi. Wata matashiyar ma'aikaciya ta zaunar da ita kamar minti goma, ta gwada jininta, ta maƙala mata 'yar na'urar nan ta yatsa mai nuna bugun zuciya da yawan iskar da ke cikin jini. A daɓen barandar an ja layi da jan fenti duk bayan mita uku, an ajiye alama a wannan bakin da wancan. Ta ce, "Mama, za ki tashi daga nan ki zagaye waccan alamar ki dawo, ki yi ta yi har minti shida. Ki ci iya nisan da za ki iya, amma ban da gudu. In kin gaji ki tsaya ki jingina da bango, sai dai agogo ba zai tsaya ba." Gwaggo ta gyara ɗaurin zani, ta tattare hijabi a hannu ɗaya, ta yi bisimilla.

Ma'aikaciyar ba ta bi ta ba. Tana tsaye wuri ɗaya da takarda, duk zuwa da dawowa ta ja layi, duk minti ɗaya kuma ta faɗi 'yar magana da murya ɗaya: "Kina ƙoƙari, Mama, saura minti biyar." Ni kuwa tun kafin a fara ta roƙe ni kada in ce uffan, kuma tana da hujja. Tun 1984 Gordon Guyatt da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa zuga kaɗai tana iya ƙara wa majinyaci kimanin mita 30, saboda haka dole kowa ya ji kalmomi iri ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba sakamakon jiya da na yau ba za su gwadu ba. A minti na huɗu Gwaggo ta tsaya ta dafa bango, ƙirjinta na hawa da sauka, silifas ɗinta ɗaya ya zame, ta mayar da shi da yatsan ƙafa ta ci gaba. Da aka ce ta tsaya, ta yi zagaye biyar da rabi. Kowane zagaye mita 60 ne, ya kama mita 330.

A takardar da aka ba mu lamba biyu ce. Ta farko 330. Ta biyu 458, wai nisan da ake tsammanin mai irin shekarunta da jikinta za ta ci. Wannan ta biyun ce ta tsaya mini a rai. Wa ya yi tsammanin? Da me ya san nisan da ya dace wata tsohuwa daga ƙauyenmu ta ci, alhali bai taɓa ganinta ba?

Shi dai gwajin asalinsa na sojoji ne. A 1968 Kenneth Cooper, likita a rundunar sojan saman Amurka, ya fito da gudun minti 12 don auna ƙarfin jikin samari. A 1976 likitoci a Birtaniya suka mayar da gudun tafiya, domin masu ciwon huhu ba sa iya gudu. A 1982 wasu kuma suka gwada minti 2 da 6 da 12, suka ga minti shida ya wadatar ba tare da an galabaitar da mara lafiya ba. Sai a 2002 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta shimfiɗa ƙa'idojin da na ga ana bi a barandar nan, har da kalmomin da za a faɗa.

Lambar tsammani kuwa, wadda aka fi yawan amfani da ita ta fito ne daga birnin Tucson na jihar Arizona. A 1998 Paul Enright da Duane Sherrill suka auna maza 117 da mata 173 masu ƙoshin lafiya, 'yan shekara 40 zuwa 80. Matsakaicin namiji ya ci mita 576, matsakaiciyar mace 494. Daga nan suka fitar da lissafin da ke karɓar abu uku, tsawo da nauyi da shekaru, ya ba ka nisa. Na maza haka yake: a ninka tsawo na santimita da 7.57, a debe shekaru sau 5.02, a debe nauyi na kilo sau 1.76, a sake debe 309. Ɗauki dattijo ɗan shekara 70, tsawonsa santimita 170, nauyinsa kilo 65: lissafin zai ce mita 512. Na mata daban ne, shi ne ya ba Gwaggo 458, domin an rubuta mata shekara 70, santimita 158, kilo 60. Akwai kuma iyakar ƙasa: a debe 153 ga namiji, 139 ga mace, wanda ya gaza wannan sai a ce lallai da wani abu. Iyakar Gwaggo 319 ce, ke nan da ƙyar ta tsallake.

In ka zuba wa lissafin ido za ka ga abin da kowa ya sani ne aka sa wa lamba. Kowace shekara tana cire wa namiji kimanin mita biyar, mace kusan shida. Dogo takunsa ya fi faɗi. Mai ƙiba yana ɗauke da kaya. Abin da ba a cika faɗa ba, su kansu masu binciken sun faɗa: waɗannan abubuwa uku kimanin kashi 40 cikin 100 kawai suke bayyanawa na bambancin da ke tsakanin mutum da mutum. Fiye da rabi yana wani wuri.

Kuma ba lissafi ɗaya ba ne a duniya. Shekara guda bayan na Arizona, Thierry Troosters da abokansa a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka auna mutum 51 'yan shekara 50 zuwa 85, kowa ya yi gwajin sau biyu, matsakaicinsu ya kai mita 631. In ka saka dattijon nan namu ɗan shekara 70 a nasu lissafin, zai ce maka mita 654. Mutum ɗaya, ƙafa ɗaya, tazarar mita 140 tsakanin tsammani da tsammani. A ce ya ci mita 480: lissafin Arizona zai ce lafiyarsa lau, na Beljiyam ya ce bai kai kashi uku cikin huɗu na abin da ya kamata ba. A 2006 masu bincike a Singafo suka bayyana ƙarara cewa lissafin da aka gina a kan Turawa ba ya hasashen tafiyar mutanensu. A 2011 aka auna mutum 444 a ƙasashe bakwai da ƙa'ida iri ɗaya, aka tarar da bambanci tsakanin ƙasa da ƙasa wanda tsawo da nauyi da shekaru suka kasa bayyanawa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san kwanon awon wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, kuma kafin ka ce an tauye ka sai ka tambayi da wane kwano aka auna.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Tunisiya. A 2009 Helmi Ben Saad da abokan aikinsa a garin Sousse suka auna masu lafiya da suka haura shekara 40, suka yi wa matan tambayar da ba ta cikin lissafin Arizona ko na Beljiyam: haihuwa nawa kika yi? Suka tarar matan da suka yi haihuwa da yawa tafiyarsu ta fi gajarta. Ga mu nan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙididdigar lafiya ta Najeriya ta 2018 ta nuna matsakaicin haihuwa a arewa maso yamma 6.6 ne ga kowace mace, ta Nijar ta 2012 ta nuna 7.6, su kuwa iyayenmu da suka tsufa yanzu sun yi tasu haihuwar ne tun kafin waɗannan ƙididdigar. Gwaggo ta haifi tara. Ta yi daka, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa a ka, ta shaƙi hayaƙin itace a madafa tun tana budurwa. Wasu daga cikin waɗannan sun ƙarfafa ƙafarta, wasu sun cinye mata huhu da ƙugu. Ba ɗaya daga ciki da ya shiga lambar 458. A 2014 masu bincike a Legas sun fitar da lissafin da aka gina a kan 'yan Najeriya, kuma aiki ne mai kyau, sai dai mazaunin Legas da manomin Gumel ko makiyayin Dakoro ba rayuwa ɗaya suke yi ba. Aiki ne da ɗaliban gashin ƙashi a Kano da Sakkwato da Damagaram za su iya yi da agogon waya da fenti gwangwani ɗaya, kuma ina fata su yi shi a kan tsofaffi na gaske, na ƙauye da na birni.

Akwai wata matsalar da ta fi kusa da gida. Lissafin yana son shekaru, mu kuwa yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa. Ka tambayi tsohuwa shekarunta ta ce an yi mata aure shekarar da aka kashe Sardauna, ko ta ce tana da wayo lokacin zuwan Sarauniya, ko tana goyon ɗanta na uku aka canja kuɗi zuwa naira. Mai haƙuri zai zauna ya lissafa daga 1966 ko 1956 ko 1973. Mai gaggawa ya dubi fuska ya rubuta 70. Kuskuren shekara goma yana motsa tsammani da mita 50 ga namiji, 58 ga mace. Da muka zauna da yayyen mahaifina muka bi lissafin aurarraki da haihuwa, Gwaggo ta fi kusa da 78, wato tsammaninta ya kamata ya zama wajen 412. Tafiyar da aka ce kashi 72 cikin 100 ce ta koma kashi 80 ba tare da ta ƙara taku ba.

Sannan ga ɗabi'a. A wurinmu dattijo ba ya sauri, sauri na yara ne da masu tsoron ruwa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana koya wa ƙafarsa natsuwa cikin babbar riga ba zai ware ta ba don wata yarinya sa'ar jikarsa ta riƙe agogo. Dattijuwa kuma ga kunya, ga zanin da ke taƙaita taku, ga silifas. A ganina duk mai yin wannan gwaji a ƙasar Hausa sai ya ɗauki lokaci ya fahimtar da mutum cewa wannan magani ne, ba zubar da girma ba, ya nema masa wurin da babu idon jama'a, ya kuma bar shi ya yi sau biyu. An tabbatar cewa karo na biyu yakan fi na farko da wajen mita 25 zuwa 30, domin mutum ya gane yadda abin yake.

To ina sauran kashi 60 ɗin? Yana cikin jikin mutumin da kansa. Tafiya aiki ce da gaɓoɓi da yawa ke haɗuwa a kai: zuciya ta tura jini, huhu ya jawo iska, jinin ya ɗauke ta, tsokar cinya ta ɗaga jiki, gwiwa da ƙugu su lanƙwasa, ido da kunnen ciki da jijiyoyin tafin ƙafa su riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take. Ɗaya ya yi rauni, tafiya ta ragu. Ƙarancin jini yana rage ta. Ciwon suga da ya kashe jin tafin ƙafa yana rage ta. Haka amosanin gwiwa, da yanar ido, da maganin da ke sa jiri, da baƙin cikin rashin abokin zama, da tsoron faɗuwa bayan mutum ya taɓa faɗuwa sau ɗaya a banɗaki. Shi ya sa gwajin ba ya gaya wa likita sunan cutar. Abin da yake gaya masa shi ne ya tashi ya nema.

Saboda haka masana suka koma neman ƙananan gwaje-gwaje da ke auna jikin kai tsaye, waɗanda kan nuna tun da wuri wanda doguwar tafiya za ta gagara. Mafi sauƙi shi ne tashi daga kujera. Dattijo ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi tsaye ya zauna sau biyar a jere. A jagorar kula da tsofaffi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, wanda ya kasa gamawa cikin sakan 14 ana son a ƙara bincikarsa. Akwai na tashi a je a dawo, wanda masu bincike a Kanada suka wallafa a 1991: mutum ya tashi daga kujera, ya yi mita uku, ya juyo ya zauna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar sakan 12 ko fiye a matsayin alamar haɗarin faɗuwa. Akwai ƙarfin damƙar hannu, da ake aunawa da wata na'ura da ake matsewa: masanan Turai sun sa iyaka a kilo 27 ga namiji, 16 ga mace, domin hannu yakan ba da labarin tsokar sauran jiki. Sai kuma saurin tafiyar yau da kullum a mita huɗu kacal. Wanda ya ɗauki sakan biyar ko fiye, wato mita 0.8 a sakan ko ƙasa, ƙafarsa ta fara ja da baya.

Wani likita a Brazil, Claudio Gil Araújo, ya zo da gwajin da mu muke yi kullum ba tare da mun kira shi gwaji ba: zama a ƙasa da tashi. Maki goma ne, duk dafawa da hannu ko gwiwa a cire ɗaya. A binciken da ya wallafa a 2012 a kan mutum 2,002 'yan shekara 51 zuwa 80, mutuwa ta ninka sau biyar zuwa shida a cikin masu maki 0 zuwa 3 in aka gwada da masu 8 zuwa 10. Musulmin da ke sallah biyar yana sauka ƙasa yana tashi sau da dama kowace rana, mai cin tuwo a tabarma haka. Wannan arziki ne da tsofaffin ƙasashen kujera ba su da shi. Kuma yana ba iyali alamar da ta riga kowane asibiti gani: ranar da Baba ya fara dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe daga sujada, ko ranar da Inna ta nemi a kawo mata kujera wurin sallah. Addini ya yi sauƙi, ya halatta musu. Amma mu 'ya'ya bai kamata mu kawo kujerar mu juya ba tare da mun tambayi me ya canja a gwiwar ko a ƙirjin ba.

Na ambaci mutuwa, kuma na san inda zuciyar mai karatu za ta tafi. Ajali na Allah ne, babu agogon da ya san ranar wani. Abin da masu bincike ke ƙirgawa na taron jama'a ne: cikin mutum dubu masu irin wannan tafiya, nawa ke nan bayan shekara goma. A 2011 Stephanie Studenski ta Jami'ar Pittsburgh da abokanta suka haɗa bincike tara, mutum 34,485 'yan shekara 65 zuwa sama. Suka ga a cikin maza 'yan shekara 75, waɗanda ake sa ran za su ƙara shekara goma sun kama daga kashi 19 cikin 100 a mafi nawar tafiya zuwa kashi 87 a mafi sauri. A mata daga 35 zuwa 91. Shekarunsu ɗaya, amma jikinsu ya tsufa daban daban, kuma ƙafa ce ta nuna. Amfanin wannan sani ga likita shi ne ya gane wa zai fi sa wa ido, wa zai jure babban aikin tiyata, wa ya kamata a fara ƙarfafa shi tukuna.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne lambar tana motsawa. A wani babban gwaji da Marco Pahor ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 2014, an ɗauki tsofaffi 1,635 'yan shekara 70 zuwa 89 waɗanda ba sa motsa jiki kuma ƙafarsu ta fara rauni. Rabi aka sa su tafiya da atisayen ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa, rabi aka riƙa ba su darussan kiwon lafiya. Ma'aunin shi ne wa zai kasa cin mita 400 cikin minti 15. Bayan kimanin shekara biyu da rabi, kashi 30.1 cikin 100 na masu motsa jiki suka kasa, a ɗaya ɓangaren kashi 35.5. Tazarar ba ta cika ido ba, amma mutane ne da suka kusa tamanin, kuma mita 400 ita ce tsakanin mai zuwa masallaci da ƙafarsa da wanda sai an kai shi. Ta ɗaya gefen kuma, wani ƙaramin bincike na 2007 ya kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado kwana goma kawai: suka rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa, ƙarfin gwiwarsu ya ragu da fiye da kashi 15 cikin 100.

A nan nake da magana da mu kanmu. Muna son iyayenmu, kuma hanyar da muka sani ta nuna so ita ce mu ɗauke musu komai. "Baba, zauna, bari yaro ya je." "Inna, ajiye tsintsiyar nan, ina amfanin jikokinki?" Ɗan da ya samu buɗi ya ɗauko tsohonsa daga gona ya kawo shi birni, ya ajiye shi a ɗaki mai fanka da talabijin, ya sa a riƙa kai shi masallacin da ke bayan layi a kan babur. Niyyar kyakkyawa ce, lada kuma na nan in sha Allahu. Amma tsokar tsoho in ba ta aiki narkewa take, kuma dawo da ita ya fi wuya nesa ba kusa ba. Girmamawar da ta fi amfani ita ce jika ya riƙe masa buta ya raka shi a ƙafa, a bar shi ya leƙa kasuwa, a bar ta ta share tsakar gidanta in tana so. In an kwantar da tsoho a asibiti, da zarar likita ya yarda a tayar da shi ya zauna, ya taka zuwa ƙofa, kada a bar shi kwance don tausayi.

Akwai lokacin da wannan awo ke zama larura, shi ne shirin aikin Hajji. Da yawa daga maniyyatanmu sai sun tsufa suke samun kuɗin kujera, ko 'ya'ya su biya musu. Safa da Marwa kaɗai, zuwa bakwai, kimanin kilomita uku ne, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga tanti a Mina zuwa wurin jifa da dawowa. Mai tafiya irin ta Gwaggo zai ɗauki kusan awa guda a Safa da Marwa in bai tsaya ko sau ɗaya ba, alhali ita a minti na huɗu ta nemi bango. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 nasu marasa izinin Hajji ne da suka yi doguwar tafiya a rana ba inuwa. Iyalin da suka auna tsohonsu wata shida kafin tashi suna da lokacin sa shi atisaye, suna kuma da lokacin tanadar kuɗin keken turawa da mai rakiya tun daga gida.

Ana iya yin awon a gida, da sharaɗi. Wanda ya yi bugun zuciya ko yake jin ciwon ƙirji mai tasowa a cikin watan da ya wuce kada a gwada shi sai a asibiti. Haka wanda zuciyarsa ke bugawa fiye da 120 a minti yana zaune, ko hawan jininsa ya haura 180 a sama ko 100 a ƙasa. In ana cikin yi ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, ko jiri, ko ya fara tangaɗi, ko gumi ya karyo masa fuska ta canja, a tsayar nan take a zaunar da shi. A nemi fili shimfiɗaɗɗe mai taurin ƙasa ba rami, da sanyin safiya, a auna mita 30 da igiya, a sa takalmin da ke riƙe dunduniya. Mai sanda ya riƙe sandarsa. A rubuta kwanan wata da nisan a littafi, a rubuta ko ya tsaya hutawa, a maimaita bayan wata uku a wuri ɗaya da takalmi ɗaya.

Wannan littafin ya fi kowace lambar tsammani amfani, domin yana gwada mutum da kansa ne. A ƙa'idar da likitocin huhu na Turai da Amurka suka fitar a 2014, canjin kimanin mita 30 shi ne wanda ake ɗauka da muhimmanci ga masu ciwon huhu, binciken da aka yi a kan tsofaffi kuma yana ɗaukar mita 50 a matsayin babban canji. In dattijon da ke cin mita 450 ya sauko 390 cikin 'yan watanni ba tare da wani sanannen dalili ba, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau, a tafi da littafin da dukkan magungunan da yake sha, har da na gargajiya, a nemi a duba yawan jininsa da suga da zuciya da ƙirji da ido.